Sunan da na kira a ofishin haraji

Ɗiyata ta fari ba na kiran sunanta. Abu biyu ne suka haɗu a kanta. Ta fari ce, kuma a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Sannan sunan mahaifiyata aka sa mata, sunan da ko ina yaro ban taɓa jin ya fito daga bakin wani ɗan gidanmu ba. Da aka yaye ta, yayana ya zo ya ɗauke ta ya kai ta Bilbis, can wajen Tsafe, ya riƙe ta kamar yadda aka saba. Shi take ce wa Baba. Ni kuwa Alhaji take ce mini, kamar yadda masu shago da direbobi suke ce mini. Shi ya aurar da ita a Rawayya, cikin ƙasar Bungudu, kuma tun daga lokacin in dole ta sa zan ambace ta sai in ce ta Rawayya.

Yawancin ƙuruciyarta ba na ƙasar. Fataucin wake da albasa ya kai ni Yamai da Kwatano da Abijan, daga baya na yi wasu shekaru ina tsaron shago a Jidda. A Abijan na taɓa ganin wani mutum ya ɗora babbar ɗiyarsa a wuya cikin kasuwa, yana kiran sunanta yana yi mata waƙa. Na kau da kai, na ce a raina wannan bai da ta ido. Amma na sake waiwayawa na dube su har suka shige.

A Jidda ne abin ya fi ba ni mamaki. Larabawa suna da kalmar kunya, sak irin tamu a baki, amma a wurinsu ma'anarta a kira mutum da sunan babban ɗansa, a ce uban wane. Girmamawa ce. Mai shagon da nake wa aiki ya tambaye ni sunan babba a cikin 'ya'yana don ya yi mini kunya irin tasu. Tamu kunyar ta hana ni. Na ba shi sunan na biyu, wanda namiji ne, ya ji daɗi, da shi aka yi ta kirana har na baro ƙasar.

Yanzu ina zaune a Damba, cikin Gusau, gwiwa ta hana ni nisa. Wata rana da hantsi mai ɗakina ta kawo mini kunu, ta zauna ba ta tashi ba, na san da magana. Ita kunyarta ga yarinyar ta fi tawa, don haka sai ta dubi bango ta ce, "An ce mutanen Rawayya suna cikin damuwa."

"Rashin lafiya?"

"A'a. Maganar man nan ce."

Na san ta Rawayya tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma sana'ar ta yi ƙarfi har ta tara mata a gidanta, masu suya da masu kai niƙa da masu matsa. Ban taɓa tambaya ba, a bakin ƙannenta nake tsinta. Abin da mai ɗakina ta kawo shi ne, wani kamfanin sayar da kayan abinci a Gusau ya ɗanɗana man, ya ce yana so ta riƙa kawo masa da yawa, ba jarka ɗaya ko biyu ba. Amma ba sa biya a hannu, sai ta asusun kasuwanci. Ta yi rajistar sunan sana'arta, ta je banki, banki ya ce sai ta kawo tin, wato lambar shaidar mai biyan haraji. Ta koma ta gaya wa mijinta, shi kuma ya ce a ji ta bakin Baba tukuna. Yayana da ya ji kalmar haraji bai bari an ƙarasa ba, ya ce ba da yawunsa ba. Kamfanin kuma ya ce in sabuwar gyaɗa ta shigo ba ta shirya ba, zai nemi wani.

"To ni me zan yi?" na ce. "Ɗiyarsa ce."

"Ni ma ban ce ka yi komai ba," in ji ta. Ta ɗauki kwanon ta fita, ko rabin kunun ban sha ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san lambar nan sarai. A Yamai nif suke ce mata, a Kwatano wani suna ne daban, amma duk abu ɗaya ne. Lamba ce da hukuma take bai wa mutum ko sana'a don ta san da wa take magana, kamar lambar mota. Mota dubu suna iya zama iri ɗaya, launi ɗaya, amma lamba ta raba su. Mai kamfani yana buƙatarta, da mai son buɗe asusu da sunan sana'arsa, da mai neman kwangila, da mai shigo da kaya ko fitar da su. Mai sayar da ƙosai a bakin titi zai iya shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi ita, amma ranar da ya so yin ciniki da masu takarda, ranar za a tambaya. Karɓar lambar ba ita ce biyan kuɗi ba. Maganar biya tana zuwa ne daga baya, gwargwadon abin da sana'a ta samar.

Duk wannan na zayyana wa wani mai sayar da taki a cikin mota, ranar da na kama hanyar Bilbis da sunan zan gaishe da yayana. Mutumin ya yi ƙorafin banki ya hana shi asusu, ni kuwa na buɗe baki tun daga tashar Gusau har muka kusa Tsafe. Na kawo misali da Nijar, na kawo da Binin, har da kalmomin Faransanci na jefa. Direba ya ce, "Baba, ai kai ya kamata a ba ofishin." Aka yi dariya, na ji daɗi. Sai da na sauka na tsaya ni kaɗai a bakin hanya sannan daɗin ya juye. Baƙon da ban san sunansa ba na warware masa damuwarsa kyauta, wadda na haifa kuwa ko gaisuwar kirki ban taɓa tsayawa mun yi ba.

Na sami yayana a zaure yana gyaran igiyar shanu. Ya girme ni sosai, idonsa ya rage gani, amma bakinsa yana nan.

"Bafaranshe," ya ce. Haka yake kirana tun da na dawo. "Mi ya fito da kai da wannan gwiwa?"

"Gaisuwa na zo, Yaya."

"Gaisuwa ba ranar Juma'a ba, ba salla ba. To madalla."

Muka gaisa, muka taɓa maganar damina da ta hanya, yadda yanzu ba mai yarda la'asar ta same shi a kanta. Aka kawo fura. Na yi ta kewaye. A al'adarmu, uba ya zo yana yi wa ɗan fari magana a gaban wanda ya riƙe shi, kamar ya ce riƙon bai yi ba ne. Daga ƙarshe na ce, a mota na haɗu da wani mai taki, banki ya hana shi asusu saboda wata lamba.

"Mai taki," in ji yayana. "Ba mai mai ba?"

Na sunkuyar da kai cikin kwanon fura.

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Kai kana ƙarami, ba ka gani ba. Ni na gani. Shekarar da gero bai yi ba, na ga an tsayar da babanmu a rana ƙofar gidan mai gari, an cire mashi hula, don bai cika haraji ba. Na ga an kora shanu daji da asuba don kada masu jangali su ƙidaya. Sai da aka rubuta sunanshi sannan aka san inda za a same shi. Yanzu ka ce in bari yarinya ta kai kanta, da ƙafarta, a rubuta ta?"

Ban ga wancan tsayuwar ba, amma na girma cikin gidan da ta bari. Har babanmu ya rasu, in ya hangi baƙo da takarda a hannu sai ya shige cikin gida. Ban iya ce wa yayana tsoronsa wauta ba ne. Abin da na ce shi ne, wancan harajin a kan kai yake, ko ka samu ko ba ka samu ba. Wannan kuwa a kan sana'a yake, ana duba abin da ta kawo. Kuma sunanta ai an riga an rubuta, tana da katin ɗan ƙasa, tana da layin waya, ta yi rajistar sana'a. Lambar ce kawai ta rage, kuma in babu ita, cinikin zai koma hannun wani, matan da suke ci a ƙarƙashinta su koma gida.

"Sunan wa aka rubuta?" ya ce. "Mai takin?"

Ya yi dariya har da tari.

"Ka zagaye duniya, ka iya yaren kowa, ka zo zaurena kana mini maganar mai taki. To ji nan. Ni na yaye ta, ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na kai ta ɗaki. Wanga aiki ba ni zuwa. In ka ce lambar ba ta cizo, kai za ka kai ta, da kanka, ba ɗan aike ba. In an zo tsayarwa a rana, kai za a cire wa hula."

"Yaya, ai ba ya kyautuwa a gan ni—"

"To a bar maganar."

Ban sami mafita ba. Na ce na ji.

Ranar da aka sa, ta zo Gusau da safe ita da mijinta, ya ajiye ta a ƙofar gidana ya wuce kasuwa, don shi ma ba ya iya zama inda nake. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Ina kwana, Alhaji." Na amsa ina duban takalmina. Muka hau Keke Napep, ita a can gefe, ni a nan gefe, jakar takardunta a tsakaninmu. Mace ce babba, mai 'ya'ya har da masu shirin aure, hannuwanta duk tabon suya. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Ƙamshin gyaɗa soyayya yana tashi daga mayafinta, irin wanda ɗakin mahaifiyata yake yi.

Ofishin cike yake. Aka ce injin da ake shigar da bayanai ba ya aiki sai layin sadarwa ya dawo, kuma ba wanda ya san yaushe. Muka zauna a benci, da tazara. Da layi ya matso, ma'aikacin, wani matashi mai fara'a, ya ba ni kujerar gaban teburinsa saboda tsufa. Ya karɓi katinta da takardar rajista, ya tambaye ta inda take sana'ar da abin da take sayarwa. Ta amsa a hankali, amma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta tambaye shi ko nawa ake biya, ya ce lambar kyauta ce, duk wanda ya ce ta kawo wani abu a waje kada ta ba shi. Ta tambaya ko daga yau za a fara zuwa gidanta. Ya ce a'a, abin da ake so shi ne ta riƙa sanin shigarta da fitarta, in lokaci ya yi ta zo ta bayyana. Na lura tambayar yayana ce ta yi, da irin kalmominsa.

Sai matashin ya juyo gare ni. "Baba, 'yarka ce?"

"Ɗiyar yayana ce," na ce.

Amsar da aka koya mini ke nan, kuma ita kowane dattijon garinmu zai bayar. Amma ban taɓa faɗarta a gabanta ba. Ban dube ta ba, na dai ga hannunta ya gyara bakin mayafi. Wayarta ta yi ƙara, ta duba ta ce mutanen kamfanin ne, ta nemi izini ta fita tsakar ofishin don hayaniyar ciki ta yi yawa.

Ba ta daɗe da fita ba layin sadarwar ya dawo. Nan take ɗakin ya motsa, kowa ya miƙe. Matashin ya ce, "Yawwa. Baba, kira ta da sauri, akwai abin da ita za ta tabbatar da bakinta. Abin nan yanzu zai iya sake ɗaukewa, jiya tun da ya tafi bai dawo ba."

Na yunƙura zan tashi. Wani ƙaton mutum da ke bayana ya riga ya dafa kujerar. Matashin ya ce, "In ka tashi sai na ɗauki na gaba, Baba, ka ga mutane. Ga taga nan kusa da kai."

Ta tagar ina hango ta a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ta ba ni baya, waya a kunne. Tsakaninmu akwai mata da yawa a zaune, ga janareta yana ruri.

Na ce, "Ke."

Mata uku suka waiwayo, ban da ita.

Na ɗaga murya na ce, "Hajiya." Wannan karon kusan rabin tsakar gidan ne ya juyo, har da wata mai sayar da ruwa. Ita ba ta je Makka ba, ba ta da dalilin juyowa.

"Ta Rawayya," na ce. Janareta ya haɗiye shi. Ko da ta ji ma, ba ta san haka nake kiranta ba.

Mutumin bayana ya ce, "Dattijo, ba ta da suna ne?" Wani ya ce, "Ƙila bashi take bin sa." Aka yi dariya. Matashin ya dubi injinsa, ya dube ni, ya miƙa hannu wajen takardun na gaba.

Na iya neman hanya da Zabarmanci, na iya ciniki da Yarbanci, na taɓa yin faɗa da ɗan kwastan da Faransanci har na ci. Kalmar da ake nema a wurina gajeriya ce, da harshen da aka haife ni a cikinsa. Na kama ƙarfen tagar na kira sunan mahaifiyata, da ƙarfi, yadda har masu gadi a bakin ƙofa suka ji.

Ba ta juyo nan take ba. Ta sauke wayar daga kunnenta tukuna, ta tsaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ta san sunan, ta san muryar, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Sannan ta waiwayo, ta gan ni a taga, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta taho da sauri.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Ta tabbatar da abin da ake so, inji ya fitar da takarda, matashin ya nuna mata lambar da yatsa, ya ce ta adana ta, ita ce tata har abada, ko ta ƙara wata sana'ar. Yana miƙa mata yana murmushi ya ce, "Baba, ashe ka san sunan. Amma ɗiyar yayanka ta kwaso kamarka da yawa."

Ita ce ta amsa, daga cikin mayafi, a hankali: "Shi ya haife ni."

"To ai na gani," in ji shi. "Na gaba."

A hanyar komawa jakar tana tsakaninmu kamar ɗazu. Kunya biyu nake ji, kuma har yau ban raba su ba. Ina jin nauyin na kama sunan mahaifiyata a tsakar ofishi, a gaban baƙi, kamar mai kiran ɗan tallan goro. Ina kuma jin nauyin cewa sai da janareta da layin mutane suka matsa mini sannan matar nan ta ji ubanta ya kira ta, ita da ta kusa aurar da nata 'ya'yan. Da muka iso Damba ta sauka ta durƙusa ta ce, "Na gode, Alhaji." Na ce Allah ya sa albarka a cikin sana'ar. Wannan ma ban taɓa faɗa mata ba.

Banki ya buɗe mata asusun kafin sabuwar gyaɗa ta shigo, kamfanin kuma bai nemi wani ba. A bakin ƙannenta na ji, kamar kullum.

Yayana ya kira ni a waya bayan kwana biyu da zuwanmu ofishin. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Bafaranshe, an ce ka yi kiran salla a ofishin haraji."

"Wa ya gaya maka?"

"Har Bilbis an ji. An cire maka hular?"

"Ba a cire ba, Yaya."

"To saura maganar innarmu, da ka kama sunanta. In ka je lahira kai da ita." Ya yi dariyarsa mai tari. Ya ce, "Ta yi kuka da tana ba ni labari. Ban tambaye ta ko na mi ne ba."

Da kaka ta yi, aka kawo jarkar man gyaɗa gidana, ba saƙo, ba a ce daga wa ba. Mai ɗakina ta buɗe ta shinshina, ta dubi bango ta ce mutanen Rawayya sun iya suya. Da shi ake yi mini miya yanzu. Sunan kuwa ban sake kiransa ba tun ranar. Ta zo gaishe ni da salla, na buɗe baki, na ji shi ya taho har maƙogwaro, sai na ce mata ya hanya.